Masu Gadin Malam Abdulgaffar

Idan aka idar da sallar asuba a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde, kowa ya kama gabansa, akwai wani dattijo da ba ya sauri. Malam Abdulgaffar ke nan. Yakan bi gefen bango a hankali saboda idon ya soma ja da baya, ya tsallake kwatar da ruwan sama ya cika da jar laka, ya tsaya wurin mai shayi ya karɓi rabin burodi, sannan ya hau matakalar katakon da ke bayan shagon ɗinkin da mahaifinsa ya bari. A sama ɗakin aikinsa yake. Tebur ɗaya ne, da kujerar da aka ɗaure wa ƙafa da waya, da wata tsohuwar kwamfuta da ya ƙara wa rubutunta girma har telolin da ke ƙasan benen suna tsokanarsa wai daga bakin titi ma ana karantawa. Kafin ya kunna ta sai ya ɗiga maganin ido, ya ɗaga kai ya jira ya shiga. Daga nan ya kife wayarsa a hannun dama. Ya san za ta yi ƙara. Abin da bai sani ba kawai shi ne wa zai fara yi masa faɗa yau.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan yana wannan zama. Shi ya rubuta manhajar da wani ƙaramin asibiti na unguwar nan yake aiki da ita, tun daga rajistar mara lafiya har zuwa sakamakon gwajin jini. Sunan asibitin ba sai na faɗa ba, wanda ya sani ya sani. Yaran da aka haifa a can, wasu har sun yi gemu, duk sunansu ya ratsa ta cikin abin da wannan bawan Allah ya rubuta da hannunsa. Amma je ka bakin masallaci ka ce kana neman Abdulgaffar, sai a ce maka, "Wanne?" Ka ce Birki, nan take a kwashe da dariya: "Au, mai na'urar nan da ke tsayawa!"

Ga inda sunan ya samo asali. A cikin manhajar akwai wasu layuka da ba sa tsinana komai da ido zai gani. Ba sa lissafi, ba sa buga takarda, ba sa ƙara wa aiki sauri. Aikinsu su tsaya a hanya su duba ko abin da mai rubutun ya ɗauka gaskiya ne, har yanzu gaskiyar ne. Ya ɗauka ba a yi wa mutum gwaji kafin a haife shi, to akwai layin da ke duba wannan. Ya ɗauka kwalbar jini ɗaya ta mutum ɗaya ce, wannan ma akwai mai duba shi. In komai daidai yake, ba wanda zai san suna nan. In kuwa aka samu saɓani, sai su tsayar da aikin cak, allo ya yi ja, ya nuna wurin da abin ya karye. Masu sana'ar suna ce musu assertions da Faransanci. Shi kuwa masu gadi yake ce musu.

Hajiya Mu'mina, ungozomar da ta fi kowa daɗewa a asibitin, ta taɓa tare shi a baranda ranar da jan allon ya ishe ta.

"Malam, wai don Allah ba ka yarda da mu ba ne?"

"Da kaina ne ban yarda ba, Hajiya," in ji shi. "Ni na rubuta abin, na san mai shi. Ranar da na yi kuskure, gara ta tsaya ta tona min asiri da ta miƙo miki amsar ƙarya fuska a sake."

Ba a makaranta ya fara ganin wannan ba. A shagon ƙasa ya gani tun yana ƙarami. Mahaifinsa ba ya sa almakashi a shaddar mutum sai ya sake ɗora awo, ko da mai kayan yana tsaye a kansa yana huci.

To, amma fa an sha shi. Waya ta yi ƙara, ko sallama babu, sai dai ya ji, "C'est bloqué!" wato ta tsaya. An kira shi ranar Sallah yana kan shimfiɗar Idi. An kira shi yana tsakiyar walimar auren 'yarsa Fatiha, ya ajiye faranti ya tari moto, wato babur ɗin haya, cikin ruwa, ya isa can babbar riga ta manne masa a jiki. Kuma mu faɗi gaskiya, mafi yawan lokaci ba wani abin tashin hankali ake tararwa ba. Wuta ce aka ɗauke, agogon na'urar ya koma wata tsohuwar shekara, mai gadi ya ga an auna jinin mutum tun uwarsa ba ta yi aure ba, ya ce a'a. Malam ya gyara, ya tsaya ya tabbatar babu sakamakon da ya faɗa inda bai dace ba, ya fita ta cikin layin masu harararsa. Ko ruwa ba a cika ba shi ba. Wanda ya ce masa "ashiya", wato sannu, ma ya yi masa mutunci.

Matarsa Saudatu ta gaji da gani. "Malam, wannan wane irin aiki ne? Makaniki in ya gyara mota ta tashi, kowa ya gani. Kai naka in ya yi shiru ba a san da kai ba, in ya yi magana a zage ka."

"To ya zan yi, Saudatu?" Iyakar amsarsa ke nan, shekara da shekaru.

Mu mutanen nan muna da wani hali, kuma zan faɗa ko ran wa zai ɓaci. Muna son abin da ke gudu. Ba ruwanmu da inda ya dosa, in dai bai tsayar da mu ba. Masifar da aka fitar da mu daga cikinta muna iya godiya a kanta har da kuka, amma wadda aka tare tun ba ta iso ba, ba mu ma yarda ta taɓa tahowa ba. Kai ne, Malam, ka zaɓi irin wannan aikin da idonka buɗe. Kai ne ka yarda a riƙa ganinka a matsayin mai ɓata wa mutane lokaci, ba ka taɓa tsayawa a baranda ka yi wa kowa lacca ba. Wallahi ni da nake rubutun nan ba zan iya ba, da tuni na fasa wayar.

Bana likitan ido ya gaya masa magana ba kwana-kwana: hawan jinin idon ya ci gefe da gefe, in bai rabu da kallon allo ba, ragowar ma tafiya zai yi. Sai ya sanar da asibitin cewa ƙarshen wata zai ajiye. Mai tafiyar da wurin yanzu Taufiƙ ne, ɗan marigayin da ya kafa shi. Ba mugu ba ne, shi ma a gajiye yake. Duk ranar da allo ya yi ja, da idonsa yake ganin mutane suna ficewa daga layi su nufi wani asibitin a Tsinga. Ya ɗauki Adawiyya, 'yar unguwar nan da ta gama karatun injiniyan kwamfuta, ta karɓi aikin. Umarnin farko da ya ba ta shi ne, ranar da tsoho ya tafi, ta kashe masu gadin nan kakaf.

Adawiyya yarinya ce mai kunya, ba ta iya ɓoye masa ba. Ta hau matakalar katakon da hantsi, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa abin da aka ce ta yi.

"Baba, ba raini ba ne. A makaranta ma haka aka koya mana. Ana sa su ne lokacin gwaji, in an miƙa wa masu aiki sai a kashe."

"Gaskiya aka koya muku, 'yata. Ni ma na karanta hakan. Sai dai ni har yau ban gane ranar da gwajina ya ƙare ba."

Ta zaci gardama za a yi. Ba a yi ba. Ya jawo kwamfutar, ya kai fuskarsa dab da allo yana laluben wurin, ya sa yatsa a kan wata kalma.

"Ga makunnin nan. Kalma ɗaya ce, kika canza ta duk sun yi barci. Ba zan ɓoye miki ba, aikin naki ne yanzu."

Ya janye yatsansa daga kan allon.

"Na gaji," ya ce. "Na yi gardama a kansu da uban Taufiƙ, Allah Ya ji ƙansa, na yi da Taufiƙ, na yi da kowace sabuwar ma'aikaciya. Ba ni da sauran baki. Abu ɗaya nake roƙo, ki bari sai na sauka daga wannan matakalar."

Saudatu ta ce a kwanakin nan ko rabin tuwonsa ba ya ci. Ba barin aikin ne ya dame shi ba, ya daɗe yana son hutu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ya san manhajar nan ciki da bai, ya san akwai kurakuransa a kwance a cikinta da shi kansa bai gano ba, kuma daga ƙarshen wata babu mai ihu idan ɗaya ya farka.

Sai ga Juma'ar makonsa na ƙarshe.

Kowa ya san mu ba ma kiran jariri da suna sai ranar bakwai, sai an yanka rago an raɗa. Ko uban ya riga ya zaɓa a zuci, ba zai bari a rubuta a takardar asibiti ba. Don haka ma'aikata sukan rubuta Bébé, wato jariri, su bi shi da sunan uwa da na uba. Malam ɗan unguwa ne, ya san wannan, tun farko sai ya tsara manhajar ta riƙa nemo jariri da abu uku: sunan uwa, sunan uba, da ranar haihuwa. A tunaninsa na wancan lokaci, ba yadda za a yi ukun nan su haɗu a kan jarirai biyu. Amma da yake shi ne, sai ya dasa mai gadi a ƙarƙashin tunanin nasa, ya ce in an nemi jariri, ɗaya tak za a samu.

A Briqueterie fa! Unguwar da in ka kira Fadimatu a gidan biki rabin mata za su waigo. A makon nan Fadimatu biyu suka sauka a asibitin rana ɗaya, kowacce namiji, kowacce sunan mijinta Hamadu. Ɗaya mijinta yana sayar da atamfa a nan cikin unguwa. Ɗayar kuma a Nkomkana suke zaune, mijinta dillalin shanu ne a kasuwar Etoudi. Wata ma'aikaciya ta lura idon ɗaya daga cikin yaran ya soma yin rawaya, ta ɗebi jininsa, ta rubuta Bébé Fadimatu Hamadu a jikin kwalbar, lokacin tashinta ya yi ta tafi gida. Sakamako ya fito da safe, shawara ce mai ƙarfi, irin wadda ba a jira da ita. Rashidu na labo, ɗakin gwajin jini, ya shigar da sunan zai ajiye sakamakon, allo ya yi ja.

Ga Juma'a, ga layi har waje, kowa yana so ya gama kafin masallaci. Masu jegon nan biyu duk a ranar za a sallame su, dangi sun naɗe kaya, har an tsayar da taksi. Wayar da ke kife a kan tebur ta yi ƙara.

"Baba, c'est bloqué kuma!" Muryar Taufiƙ ce. "Yau Juma'a fa! Na ce wa Adawiyya ta kashe abin nan yanzu, ba sai ƙarshen wata ba."

Malam ya lalubi hularsa, ya sauka, ya tari moto. A hanya, in ji shi, bai ma yi addu'ar ya riske ta kafin ta kashe ba. Gajiya kawai yake ji, irin wadda ke sa mutum ya ce a yi ta ta ƙare.

Ya tarar da Adawiyya zaune a labo, Taufiƙ tsaye a kanta. Ta buɗe wurin makunnin, kalmar tana gabanta, amma hannayenta suna kan cinya.

"Baba, na tsaya karanta abin da ya rubuta ne," ta ce. "Ya ce ya nemi jariri ɗaya ya samu biyu."

Ya sunkuya kan allon, bai ga komai ba sai ja. Ya ce ta karanta masa wane layi ne. Da ta faɗa, sai ya nemi kujera ya zauna.

"Wannan bai taɓa magana ba tun da na sa shi."

"In na kashe shi me za ta yi?"

"Za ta ɗauki na farkon da ta tarar ta manna masa sakamakon. Ba za ta ce miki uffan ba."

Hajiya Mu'mina tana bakin ƙofa, ta ji. Ba ta jira izinin kowa ba. Ta hana sallamar, ta ɗauko yaran biyu ta kai su hasken taga, ta danna fatar kowanne ta duba, ta sa aka sake ɗibar jini daga dukansu ana kuka ana mita. Na farko a rajista, ɗan mai atamfa, lafiyarsa ƙalau. Na biyun ne mara lafiyar, ɗan dillalin shanu. Da an kashe mai gadin, da lafiyayyen za a ruga da shi babban asibiti, shi kuma wancan a ga dosiyensa, wato takardunsa na asibiti, fes, a sallame shi ya tafi Nkomkana, a shige da shi ɗakin jego mai labule a sake, inda ba mai ganin rawayar sai ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kafin a kira sallah an wuce da shi babban asibiti, an sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Allah Ya yi da sauran kwana, ya tashi.

Kuna tsammanin an gode masa? Haba! Da ƙura ta lafa, Taufiƙ cewa ya yi, "To ai kuskuren manhajar ne tun farko, Baba."

"Haka ne," in ji Malam. "Shi ya sa na sa masa mai gadi."

Taufiƙ ya yarda a bar wannan ɗayan, amma sauran a kashe yadda aka tsara. A nan ne Adawiyya ta ba kowa mamaki, har ita kanta. Ta gyara tushen abin, yanzu kowane jariri yana da lamba a ɗaure a wuyan hannunsa da kuma jikin kwalba, sannan ta dasa nata mai gadin a ƙarƙashin gyaran, don ita ma ta ce ba ta yarda da kanta ba. Ta sami Taufiƙ a ofis.

"Monsieur Taufiƙ, wannan ma kafin Juma'a cewa za mu yi ba shi da amfani. Sauran ba mu san ranarsu ba. Zan rage masu tsayawa a kan shirme, in gyara abin da ke sa su tsayawa, amma makunnin ba zan taɓa ba. In dole ne, sai dai a nemi wani."

Ya ja tsaki. "Yi yadda kika ga dama. Amma lambar wayarki zan ba ma'aikata."

Ya kuwa ba su. Ko wata ba a yi ba aka soma kiranta 'yar Birki, kuma ba da sigar yabo ba.

Ranar suna, Malam ya ce wa Saudatu zai leƙa Nkomkana. Ba wanda ya gayyace shi, amma raɗin suna ba a korar mutum. Ta tambaye shi me zai kai shi gidan mutanen da bai sani ba. Ya ce yana so ya ji sunan da za a sa a gurbin Bébé. Ya samu gefen tabarma ya zauna cikin jama'a, ga rago ɗan Etoudi a ɗaure, liman ya yi addu'a, aka sanar: Musaddiq. Uban jariri, Hamadu, yana zagayawa da goro da dabino, yana ba mutane labarin wahalar da suka sha.

"Wata ruɓaɓɓiyar na'ura ce ta tsaya musu, aka riƙe min iyali, aka sake tsira wa yaro allura, ga mai taksi yana jira. An ce wani tsoho ne ya haɗa ta, wai ya kusa tafiya. Gara ya tafi!" Ya miƙa wa dattijon da ke gefe goro. "Ko ba haka ba, Baba?"

Malam ya karɓa da hannu biyu. "Haka ne," ya ce. "Allah Ya raya Musaddiq."

Ya hana Hajiya Mu'mina gaya wa mutanen gidan komai, wai kada a sa mai jego fargabar abin da ya riga ya wuce. Ni bai hana ni ba, don bai san zan rubuta ba.

Malam Abdulgaffar, sannu. Sannu da ruwan saman da ya dake ka a kan moto, sannu da farantin walimar da ka ajiye ba ka koma kansa ba. Kai ne ka san kana iya kuskure, ba ka ɓoye ba, ka ɗauki masu tona maka asiri ka zaunar da su a cikin aikinka. Mun kira ka Birki muna dariya, ka amsa. Mun gode, duk da godiyar ta zo a makare, Allah Ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba, Ya tsare maka ragowar ganinka. Ku kuma matasa masu rubuta manhaja a Yawunde da ko'ina, duk abin da kuka ce a ranku ba zai taɓa faruwa ba, ku rubuta shi a aikin, ku sa mai gadi a kansa, kuma in ya yi ihu kada ku toshe masa baki don a so ku. Za a zage ku, wannan kam ba makawa. Ku tambayi Adawiyya.

Kai kuma Hamadu na Nkomkana, in wani ya karanta maka wannan, tsohon nan mai kaurin tabarau da ka ba goro shi ne wanda ka ce gara ya tafi. Ya tafi ɗin. Yana gida a bayan shagon ɗinki, wayarsa ta daina ƙara, ba kuma ta waya za ka neme shi ba. Ka zo da ƙafarka, ka taho da Musaddiq, tun idon yana iya gane fuska.